Shin karnuka ma suna da karin harshe?

Tambaya: Malam, ina yawan kallon bidiyon karnuka na ƙasashe daban-daban, kuma kunnena yana gaya mini haushinsu ba ɗaya ba ne. Na kuma taɓa karanta cewa kare yakan ɗauki karin maganar mai shi. Shin haushin kare yana canjawa daga yanki zuwa yanki, yadda harshen mutane ke yi? Kuma wurin da yake zaune yana taɓa muryarsa?

Amsa: Malama, kunnenki bai yi miki ƙarya ba. Haushin da ake ji a wani wuri yakan sha bamban da wanda ake ji a wani. Inda zan rabu da abin da kika karanta shi ne wajen dalili. Kare ba ya koyon murya daga bakin mai shi, ba ya kuma ɗaukarta daga karnukan da ya tashi a cikinsu yadda yaro ke tashi da karin maganar waɗanda suka raine shi. Jikinsa ne ke ba shi murya, halin da yake ciki ne ke juya ta, wuri kuma shi ke yanke abin da zai yi wa haushi da yadda haushin zai iso kunnenki.

Ba kowane bambancin murya ne ya isa a kira shi karin harshe ba. Sai wanda aka koya da kunne daga na gaba, ta yadda da za a ɗauke jariri a kai shi wata ƙasa, da karin can zai tashi, ba da na iyayensa ba. Akwai dabbobin da ke da wannan baiwar, amma ba su da yawa. A 1964 Peter Marler da abokiyar aikinsa Tamura suka wallafa bincike kan wani ɗan tsuntsu mai farin layi a ka da ke zaune a kewayen San Faransisko ta Amurka. Tsuntsayen kowane yanki suna da tasu waƙar, har mai sabo da su zai iya faɗin inda tsuntsu ya fito daga jin waƙarsa. Da aka raini 'ya'yansu a keɓe, ba sa jin manya, sai waƙar ta fito a gurgunce. Waɗanda aka kunna wa waƙar wani yanki a makonninsu na farko kuwa, ita suka riƙe. Masakazu Konishi ya ƙara da cewa idan ɗan tsuntsun ya kurmance kafin ya fara rerawa, ba zai taɓa haɗa waƙa mai kyau ba, domin sai yana jin kansa yake gyarawa. A gaɓar tekun yammacin Kanada, John Ford ya nuna cewa kowane dangi na dabbar tekun nan da ake kira oka yana da nasa kiraye-kirayen da 'ya'ya ke gada da kunne. A 2021 kuma aka samu irin haka a wani ɓeran ƙarƙashin ƙasa marar gashi na gabashin Afirka: jaririn da aka kai wani rami aka raine shi, da kukan masu ramin yake tashi.

To, a gwada kare da wannan ma'auni. Akwai karnukan da ake haifa kurame, musamman a nau'in Dalmatian mai ɗigo-ɗigon baƙi, inda kurumtar gado ta yi yawa. Ba su taɓa jin haushi ba ko sau ɗaya, amma suna yi, suna gurnani, suna kukan neman uwa. Wani lokaci sautin kan fita da ƙarfi fiye da kima don ba sa jin kansu, amma haushi ne sak. Kwikwiyon da mutum ya raina da kwalbar madara tun idonsa bai buɗe ba shi ma haka. Ko birai, da suka fi kare kusanci da mu, an gwada su: an musanya jarirai tsakanin nau'i biyu na birin makak, na Japan da wanda ake kira resus, kowanne ya girma a hannun wata uwa, kuma kusan duk kukansu ya tsaya a kan na jininsu. Dalilin yana cikin ƙwaƙwalwa. Ɗan Adam yana da jijiyoyi da suka taso daga saman ƙwaƙwalwa kai tsaye zuwa cibiyar da ke sarrafa maƙwallato, shi ya sa muke iya jin sabon sauti mu kwaikwaye shi da gangan. A yawancin dabbobi masu shayarwa umarnin kuka yana fitowa ne daga tsohon sashen tsakiyar ƙwaƙwalwa, wanda ke haɗe da tsoro da fushi da murna. Dabbar na iya koyon ta yi ko ta yi shiru, amma ba ta da ikon sassaƙa sabon sauti.

Daga ina bambancin ke zuwa ke nan? Mafi girman kaso daga jiki yake. Iska na tasowa daga huhu ta kaɗa tantanin maƙwallato, sannan sautin ya ratsa maƙogwaro da baki da hanci, su kuma su ba shi kauri ko siranta. Babbar ganga da ƙarama ba sa amo ɗaya ko da makaɗi ɗaya ne ya buga su. A 1999 Tobias Riede da Tecumseh Fitch suka ɗauki hoton ƙashi na karnuka 47, suka auna tsawon hanyar muryarsu, suka ga yana tafiya da girman jiki, kuma ana iya karanta shi a cikin gurnaninsu. Karnukan kansu sun san da haka. A wani gwaji da aka yi a 2010, an kunna wa karnuka gurnani ana nuna musu hoton kare biyu, babba da ƙarami, sai suka fi duban wanda girmansa ya dace da sautin. Babu wata dabba mai shayarwa da girman 'ya'yanta ya bambanta kamar kare, daga Chihuahua da ba ya wuce kilo 3 zuwa manyan karnukan gadi da ke haura kilo 70. Su kuma waɗannan nau'o'i ba a watsa su daidai a duniya ba. Wani wuri ƙananan karnukan ɗaki suka fi yawa, wani wuri na kiwo, wani wuri kuma matsakaitan karnukan nan masu gajeren gashi da ke yawo ba mai su, waɗanda su ne mafi yawan karnukan duniya. Idan kika ji haushin wata ƙasa ya fi na wata kauri, abu na farko da za ki tambaya shi ne wane irin kare ne ya yi shi.

Jini ba girman murya kaɗai yake bayarwa ba, har da son yin haushin. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ba ni sha'awa, domin a nan ne yanki ke shiga maganar da gaske, amma ta hannun mutane. Kyarkeci, wanda kare ya fito daga tsatsonsa sama da shekara 14,000 da suka wuce, ba ya cika haushi. Nasa shi ne dogon kukan nan da ke tafiya nesa, haushi kuwa ɗan gajere ne na gargaɗi. Mutane ne suka riƙa zaɓar karen da za su bari ya haihu bisa aikin da suke so, har haushi ya zama kayan aiki a wani wuri, ya zama aibi a wani. A Finlan akwai karen farauta mai jan gashi da aikinsa shi ne ya bi tsuntsu har bishiya, ya tsaya a ƙasa yana haushi ba ƙaƙƙautawa don maharbi ya san inda yake. Yakan kai sau 160 a minti ɗaya, har gasa ake yi a naɗa sarkin haushi. A tsaunukan Niyu Zilan makiyaya sun samar da karen da ake kira Huntaway, wanda ke kora garken tumaki da babbar murya, domin a irin wannan ƙasar tumaki ba sa ganin kare daga nesa, sai dai su ji shi. Ɗan'uwansa Border Collie na iyakar Ingila da Sikotilan kuwa da ido da sanɗa yake aiki, makiyayi ba ya son ya ji bakinsa. Aiki ɗaya, dabbar kiwo ɗaya, amma yanayin ƙasa ya raba su.

Can a dazukan Kwango akwai Basenji, wanda kusan ba ya haushi sam. Yana da wani irin kuka mai hawa da sauka, kuma siffar maƙwallatonsa ta bambanta da ta sauran karnuka. Saboda shirunsa ne maharba ke rataya masa ƙararrawar katako a wuya. Dingo, karen dajin Ostireliya, shi ma dogon kuka ya fi yi, haka karen tsaunukan Niyu Gini da ake yi wa laƙabi da mawaƙi. Abin lura shi ne, Basenji da aka haifa a Landan ko a Tokiyo, ya girma cikin karnuka masu haushi dare da rana, ba ya zama mai haushi. John Paul Scott da John Fuller sun shafe shekara 13 suna rainon nau'o'i biyar a wuri ɗaya a jihar Men ta Amurka, abinci ɗaya, kulawa ɗaya, suka fitar da sakamako a 1965. Cocker Spaniel ya fi kowa haushi, Basenji ya zo ƙarshe. A 2023 ma masu bincike a Budapest sun kunna wa karnuka 68 kukan kyarkeci. Nau'o'in da jininsu ya fi kusa da kyarkeci suka fi amsawa da dogon kuka, na baya-bayan nan kuma suka fi amsawa da haushi.

Sai halin da kare yake ciki a lokacin da ya buɗe baki. Kare ɗaya yana da haushi iri-iri. Sophia Yin da Brenda McCowan sun naɗi haushi sama da 4,000 daga karnuka 10 a Kalifoniya, suka wallafa a 2004. Idan baƙo ya danna ƙararrawar ƙofa, haushin kan fito da kauri da gautsi, a jere da sauri. Idan an bar kare shi kaɗai, sai ya sirance, ya zama ɗai-ɗai da tazara. Na wasa shi ma siriri ne amma a dunƙule yake zuwa. Wannan ya dace da ƙa'idar da Eugene Morton ya shimfiɗa a 1977, cewa a tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa murya mai kauri da gautsi ta barazana ce, siririya mai tsabta kuma ta tsoro ce ko neman kusanci. Péter Pongrácz da abokan aikinsa a jami'ar Eötvös Loránd sun naɗi haushin karen kiwon Hangari mai suna Mudi a yanayi shida, suka kunna wa mutane a 2005. Masu irin karen, da masu wani iri, da waɗanda ba su taɓa ajiye kare ba, duk sun gane yanayin fiye da yadda cinke zai bayar, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Daga baya aka maimaita gwajin da mutanen Fotugal, da sautukan nan na karnukan Hangari, sakamakon ya zo kusan ɗaya. Da a ce haushi yana da karin harshe na gaske, da Bafotugale ya ruɗe a kan karen Hangari.

Amma akwai koyo a rayuwar kare, kuma a nan ne muhalli ya fi ƙarfi. Masana irin su Vincent Janik da Peter Slater sun raba koyon murya gida biyu: koyon ƙirƙirar sauti, da koyon lokacin amfani da sautin da aka riga aka mallaka. Kare gwani ne a na biyu. Idan ya yi haushi aka buɗe masa ƙofa, gobe zai ƙara. Idan ya yi wa mai wucewa haushi mutumin ya ci gaba da tafiyarsa, a wurin karen shi ne ya kore shi, don haka dabarar ta yi aiki. Idan mai shi ya daka masa tsawa, wani karen yakan ɗauka taya shi ake yi. Gida mai hayaniya, inda ake yawan shiga da fita da ɗaga murya, yakan samar da kare mai saurin tashi, wanda siririn haushinsa na zumuɗi ya fi yawa. Gida mai natsuwa kuma akasin haka. Mai kallo daga waje sai ya ce karen ya ɗauko muryar masu gidan, alhali yanayin gidan ya ɗauko. Kama da wane ba ta wane.

Kathryn Lord tare da Mark Feinstein da Raymond Coppinger sun kawo wani bayani a 2009 da nake ganin ya fi kowanne warware tambayarki ta muhalli. A ganinsu dabba tana haushi ne idan ta shiga tsaka mai wuya, tana son ta tunkari abu tana kuma son ta gudu, ko kuma ba ta da damar yin ko ɗaya. Karen da ke ɗaure da sarƙa, ko yake bayan shinge ko taga, kullum a wannan halin yake. Baƙo na tahowa, shi ba zai iya zuwa ya shinshina ba, ba zai iya ja da baya ba, sai baki. Karen da ke sake yana da zaɓi, yakan kauce kawai. Rahotannin da aka yi kan karnukan da suka koma daji a tsakiyar Italiya sun nuna ba sa haushi a yanayi da yawa kamar karen gida. Saboda haka yankin da ake ɗaure karnuka don gadi zai cika da haushi mai kauri na kora, birnin da ake kulle su a bene su kaɗai tun safe zai cika da siririn haushin kaɗaici. Ƙari a kan haka, haushi yana yaɗuwa. Ɗaya ya fara, na kusa ya karɓa, na gaba ya karɓa, har unguwa ta ɗauka. Inda karnuka suka yi yawa kusa da juna, abin da kunne ke ji amon taro ne, kuma kowane wuri da irin nasa.

Yanzu ga wani abu da mutane ba sa kawowa a rai: sautin da ya bar bakin kare ba shi ne ke isowa kunne ba. A fili, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin sauti kan ragu da kimanin desibel 6. Iska kuma ba ta cin sauti daidai, ta fi cinye siririn ɓangarensa, kuma yawan abin da take ci ya danganta da zafi da laima. Shi ya sa haushin nesa kullum yake zuwa a dushe, da kauri, ko da ƙaramin kare ne. Ganyaye da rassan daji suna tarwatsa siririn sauti su bar mai kauri. Bangon siminti da kwalta suna mayar da shi, sai amsa-kuwwa ta hau kan haushin ya zama kamar biyu ko uku, ya yi tsawo. Yashi, ciyawa da dusar ƙanƙara kuma shanye shi suke yi, ya fito a bushe.

Dare ma da nasa aikin. Da rana ƙasa ta yi zafi, iskar ƙasa ta fi ta sama ɗumi, sai sauti ya lanƙwasa sama ya ɓace. Bayan faɗuwar rana ƙasa ta huce, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa mai ɗumi na samanta, sai sautin ya riƙa lanƙwasowa ƙasa yana tafiya nesa. Michael Garstang da David Larom sun yi lissafin wannan a kan kiran giwaye a gandun dajin Etosha na Namibiya: filin da kiran ke mamayewa yana iya tashi daga kimanin murabba'in kilomita 30 da tsakar rana zuwa 300 da yamma. Ƙa'idar ɗaya ce ga kare. A busasshen fili mai sararin sama, inda ƙasa ke saurin hucewa, abin ya fi ƙarfi. Ke kuma da kike sauraro ta bidiyo, akwai ƙarin shamaki. Makirfon waya an gina shi ne don maganar mutum, yakan danne sauti mai ƙarfi, ya yanke mai kauri sosai, sannan manhajar da aka ɗora bidiyon ta sake matse shi. Waya biyu a gaban kare ɗaya za su ba ki murya biyu.

Hayaniyar gari fa? A 1911 wani likitan kunne na Faransa, Étienne Lombard, ya bayyana cewa mutum yakan ɗaga murya ba da saninsa ba idan ƙara ta yi yawa a kusa da shi. An samu wannan a kyanwa, birai, jemagu da tsuntsaye. A 2003 Hans Slabbekoorn ya nuna wani tsuntsu a birnin Leiden na Holan yana rera waƙa da siririyar murya a wuraren da ƙugin motoci ya yi yawa. A 2020 da annobar korona ta kwantar da zirga-zirga a San Faransisko, tsuntsun nan na Marler ya sassauta murya, kuma duk da haka an fi jin sa nesa. A gidajen tara karnuka ƙara kan haura desibel 100, kowane kare yana ƙoƙarin ya fi na kusa da shi. Irin wannan gyara ne na nan take, da ƙarar ta lafa shi ma zai lafa. Ba abu ne da uwa ke miƙa wa ɗa ba.

Maganar da kika karanta kuwa tana da asali. A 2006 jaridun Birtaniya sun yayata cewa karnukan Libaful da na Sikotilan suna haushi da karin masu su. An tattara sautukan ne ta wayar tarho, mutane suka saurara suka faɗi ra'ayinsu, ba a daidaita nau'i ko girma ko abin da ya sa karen haushi ba. A shekarar ne ma aka ce shanun wani yankin Ingila suna kuka da karin manomansu. Labarai ne masu daɗin ji, kuma mai sauraro da ya riga ya san garin da kare ya fito zai ji abin da yake son ji. Harsunanmu ma suna taya mu ruɗuwa, tun da Bajapane yana rubuta haushi wan-wan, Baturke hav-hav, ɗan Sifaniya guau-guau, alhali bakin mutanen ne ya bambanta.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne aikin da wasu masana kwamfuta suka fitar a 2023. Sun kwaso bidiyon karen Japan mai suna Shiba Inu daga YouTube, wasu daga gidajen masu Turanci, wasu daga na masu Japananci, kuma na'ura ta ga bambanci tsakanin rukunin biyu. Sun yi dabara da suka tsaya kan nau'i ɗaya. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Shiba na Japan da na Amurka zuriyarsu ta rabu shekaru da yawa, ɗakunan ba girmansu ɗaya ba, wayoyin ba ɗaya ba, kuma abin da mai kare a wata ƙasa yake ganin ya isa a ɗauka a ɗora ba lalle ya zama shi ne na wata ƙasar ba. Kowanne daga cikin waɗannan ya isa ya haifar da bambancin. Haka binciken Arik Kershenbaum na Kambirij a 2016, wanda ya tattara dogon kuka sama da 2,000 daga nau'o'i 13 na kyarketai da danginsu, ya raba shi gida 21, ya ga kowane nau'i da wanda ya fi yi. Jaridu sun kira shi karin harshe, amma dabbobin da aka kwatanta jininsu ma daban ne, don haka gado kaɗai zai iya bayyana shi.

Ba zan rufe ƙofar gaba ɗaya ba, saboda awaki. A 2012 Elodie Briefer da Alan McElligott na wata jami'a a Landan suka naɗi kukan 'yan awaki suna da mako ɗaya, suka sake naɗa suna da mako biyar. Waɗanda suka tashi a garke ɗaya kukansu ya ɗan matso kusa da na juna. Akuya ba ta cikin gwanayen koyon murya, amma ga ɗan sassauci ya bayyana. Idan aka samu irin wannan a karnukan da ke gida ɗaya ba zan yi mamaki ba, sai dai ɗan karkata ne da na'ura ke ganowa, ba abin da kunne zai ji ya ce wannan karen ƙasa kaza ne ba. Gwajin da zai raba gardama a bayyane yake: a raba kwikwiyoyin ciki ɗaya zuwa ƙasashe biyu, su girma, a naɗe su da na'ura ɗaya a ɗaki iri ɗaya kan dalili ɗaya, sannan a ba wanda bai san inda kowanne ya tashi ba ya rarrabe.

Ta fuskar ji kuwa, kare yana lura da harshenmu sosai. Laura Cuaya ta ƙaura daga Meziko zuwa Hangari da karenta, abin ya sa ta tambayi kanta ko ya san an canja harshe. Ita da abokan aikinta suka horar da karnuka 18 su kwanta shiru cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, aka karanta musu labari da Sifaniyanci da Hangariyanci. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ƙwaƙwalwarsu tana bambanta harshen da suka saba da baƙo, kuma tsofaffin karnuka sun fi ƙwarewa. Kunnen yana koyo, maƙogwaron ne ba ya bi.

Idan kuma kina da kare, kika ga muryarsa ta canja bayan ƙaura ko haka kawai, kada ki ɗauka sabon wuri ne ya koya masa. Yawan haushi na kwana da kwanaki, kamar yadda kan faru idan an kai kare baƙon wuri, yana kumbura tantanin maƙwallato murya ta dishe, kuma takan dawo bayan hutu. Ƙura, hayaƙi, tarin da karnuka ke ɗauka a wurin cunkoso, da abin wuya mai shaƙewa duk suna yin haka. A tsofaffin manyan karnuka, musamman Labrador, akwai shanyewar jijiyar maƙwallato, wadda ke farawa da disasshen haushi da numfashi mai ƙara, kuma tana tsananta lokacin zafi. Dishewar da ta wuce 'yan kwanaki tana bukatar likitan dabbobi. Idan kuwa canjin murya ya zo tare da dalalar miyau, kasa haɗiya, sakin muƙamuƙi, ko canjin hali kwatsam a karen da ba a yi wa rigakafi ba, ciwon haukan kare ne abin tsoro. Kada a sa hannu a bakinsa da sunan neman ƙashin da ya maƙale. A killace shi, a kira likita, wanda karen ya ciza ko ya lasa a kan rauni kuma ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.